Ki Kira Sunansa a Bakin Kogi

Laurel, Amurka
Watan Nuwamba, 2014

Zuwa ga uwar Habibu, a Gaidam.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Souleymane da yaran duka, ya tsare ku daga sharrin abin da ke yawo a ƙasar nan taku, wanda ido ke gani da wanda ba ya gani. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙanenki Abdoul Aziz yana nan yana jan tasi daga safe har yamma, furfura har ta fara fito masa ni ina raye. Matarsa Hairat ce ke riƙe da alƙalami, tunda kin san ni ba a sa ni lakwal ba, makarantar bokon nan, wuƙar dukanci aka miƙa mini. Na ce mata ta rubuta yadda maganar ta fito daga bakina, kada ta gyara, ko da ita ta taɓa. Sanyi ya fara shigowa, gwiwata ta hagu ta riga masu faɗin yanayi na talabijin sani. Likita ya hana ni gishiri, ya hana ni sukari, Hairat kuma ta riƙe maganarsa kamar aya. Tun da na zo ƙasar nan ban ci tuwon da ya amsa sunansa ba, garin da suke sayowa a Lanham ba gero ba ne ko za su rantse. To, amma ba wannan ya sa na zaunar da ita ba.

Hankalina ba a kwance yake ba. Duk ran da Allah ya sa waya ta shiga, abin da kike cewa ɗaya ne, lafiya lau Baba, sai ki miƙa wa mijinki, shi kuma ya hau ba ni labarin farashin tattasai. A nan gidan ma haka suke yi mini. Ina shigowa falo sai Abdoul Aziz ya rage rediyo, kamar ni ne jariri. Sun manta ina da kunne, kuma a masallaci ba a rage murya don tsoho. Na ji abin da ya sami Mubi. Ban manta da yaran Buni Yadi da aka bi har makarantarsu ba, duk sa'o'in Habibu ne ko sun girme shi kaɗan. An ce yanzu idan mutanen nan suka shiga gari samari suke fara tarawa, sannan 'yan mata. Habibu ya kai shekarun da suke so. Jidda ta fara tasawa. Hasiya kuwa ko gudu ba ta iya da kyau ba. Na yi wa Souleymane maganar ya tsallakar da su Nijar, ya ce mini wai Gaidam akwai soja, wai a bari a kwashe tattasai tukuna, wai shi ba a taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba. Na yi shiru a ranar saboda surukuta. Yau ba zan yi shiru ba, kuma dalilin wata tsohuwa ce da nake so in ba ki labarinta. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, a gaban Souleymane.

Kin san Hairat aikin jinyar tsofaffi take yi, gida-gida. Wata rana da ba kowa a gida na hura ɗan gawayi a falo don in dafa shayi kamar yadda ɗan Adam ke dafawa. Abin nan da suke maƙalawa a silin ya kama ihu, kafin in ankara 'yan kwana-kwana sun cika unguwa. Ko tabarma ba ta ƙone ba, amma daga ranar suka yanke ba za a ƙara bari na ni kaɗai ba. Ni da na riƙe rumfa a kasuwar Damagaram tun ba a haife su ba. Shi ke nan Hairat ta fara tafiya da ni wurin aikinta kamar jakar hannu. Da muka isa ƙofar wani gida a Silver Spring ta ce mini mai gidan Bayahudiya ce, sunanta Madam Gerda. Na ce to, ni a mota zan zauna. Abin da na sani game da Yahudawa shi ne abin da ake ji a rediyo da bakin kasuwa, ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba. Ina zaune ina jan carbi sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Wata 'yar tsohuwa ce ƙarama, ba ta kai kafaɗata ba, da sanda a hannu. Ta ce Hairat ta gaya mini wai ita ba ta cin alade, ba ta cin mutane, kuma idan sanyi ya kashe ni a ƙofar gidanta ba ta da ƙarfin jan gawa. Na ce a gaya mata gawata ba ta roƙe ta ba. Ta yi dariya har tana tari. Na shiga ne don kada a ce na raina tsohuwa.

Tun daga nan idan Hairat ta je ina zama a kujerar da ke kusa da taga. Shayinta ruwa ne kawai mai launi, na gaya mata, ta ce haƙorana ma launi ne kawai ya rage musu. Idan lokacin salla ya yi ita ke tuna wa Hairat a shimfiɗa mini tawul. To wata rana an nuna ƙasarku a talabijin, mata da yara suna tafiya a ƙasa da ƙunshi a ka. Na tashi tsaye na matsa kusa ina duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi Hairat wa nake nema. Hairat ta gaya mata jikokina uku suna can, kusa da iyaka, kogi ne kawai tsakaninsu da ƙasar da ba a faɗan a cikinta, amma ubansu ya ce sai an kwashe amfanin gona. Tsohuwar nan ta kashe talabijin. Ta ce Hairat ta bar wankin da take yi ta zo ta zauna ta fassara, kada ta tsallake ko kalma.

Ta ce su mutanen Jamus ne. Ubanta yana da shagon takalma, kuma ya yi wa Jamus soja a yaƙin duniya na farko har an ba shi lambar yabo. Da mutanen Hitila suka fara farautar Yahudawa, dangi suka yi ta cewa ya kwashi iyali ya fita, shi kuwa kullum cewa yake kowa a garin ya san shi, bai taɓa faɗa da kowa ba, a bari ya sayar da kayan shagon tukuna. Da Hairat ta kawo nan sai na gane maganar da na ji daga bakin Souleymane a waya ce, ba ragi. Ba su fita ba sai da aka farfasa shagon. Suka gudu Faransa, yaƙin Hitila ya bi su can, yaƙin nan da aka kwashi su kawu Ɗan-Azumi soja ba su dawo ba. Aka kama uban. Ya rage uwar da ita Gerda, tana da shekara tara, da ƙanenta Kurt, yana da huɗu. Suna ɓoye a ɗakin wasu manoma, sai labari ya zo cewa akwai wasu samari da 'yan mata da ke satar fitar da yaran Yahudawa zuwa Suwizalan, ƙasar da ba ta shiga yaƙin ba. Yara kaɗai, domin masu gadin can sukan bar yara su shiga, manya kuwa sau da yawa a maido su.

Uwar ta kai su tashar jirgin ƙasa. An riga an ja mata kunne, kada ta rungume su, kada ta yi kuka, kada ta kira sunansu, domin tashar cike take da masu sa ido, kuma an ba yaran sunayen Faransawa kamar 'yan lakwal ne za su shan iska. Ta ce uwarta ta saki hannunta kusa da wata budurwa da ba ta taɓa gani ba, ta juya baya, ta tsaya tana kallon allon da ake rubuta lokacin jirage. Ita kuma tana ta waiwaye har suka shiga jirgi, tana jiran uwar ta juyo ko sau ɗaya. Ba ta juyo ba. Daga inda jirgi ya sauke su suka taka da ƙafa ta cikin gonaki, Kurt ya gaji ta goya shi, yana ƙoƙarin kuka ta toshe masa baki da hannu har ya cije ta, ta nuna mini tabon yana nan. Suka rarrafa ta ƙarƙashin waya mai ƙaya, suka gudu kamar yadda aka ce musu, kada a tsaya ko takalmi ya faɗi. Wani soja ya tare su, ta ɗauka mutuwa ce, ashe na Suwizalan ne. Ta rayu, Kurt ya rayu, ya haifi 'ya'ya ya ga jikoki kafin ya rasu. Uwar kuwa an kama ta bayan watanni, aka sa ta a jirgin da ke zuwa gabas inda ake hallaka su. Ba kabarinta, ba na uban. Yaran Yahudawa da ke ɓoye a gidan manoman maƙwabta, waɗanda iyayensu suka ce gara a mutu tare, an mutu taren.

Sai ta ce abin da ya fi tsaya mata ba wayar ba ce, ba sojan ba ne, bayan uwarta ne. Wai yau shekarunta tamanin, hankalinta ya san uwar ta yi haka ne don su tsira, amma yarinyar nan 'yar shekara tara tana nan a cikin ƙirjinta tana jin haushi, kuma idan ta rufe ido ba ta iya ganin fuskar uwar, sai kwat mai ruwan toka da ƙeya. Tausayinta ya kama ni, na ce bari in kwantar mata da hankali da abin da na sani. Na tambaya ko ita ce 'yar fari, ta ce ita ce. Na ce to ai shi ke nan, a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido a gaban mutane, ba ta wasa da shi, uba ma haka. Kunya ce, kuma wanda aka fi jin kunyarsa shi aka fi so. Na ce ni ma ina da 'yar fari, tun ran suna da liman ya raɗa mata ban taɓa furta sunanta ba, uwarta ma har ta koma ga Allah ba ta furta ba, kuma ran da aka kai ta gidan miji ina rumfa ina yanka fata, ban fito ba. Na zaci za ta gode. Sai ta tambaya ko 'yar ta san dalilin. Na ce kowa ya sani. Ta ce ba kowa ta tambaya ba, ko na taɓa tambayar 'yar. Na ce ba a tambayar irin wannan. Ta ce to mene ne sunan. Na ce ba a faɗa. Ta buga sandarta a ƙasa, ta ce uwarta bindiga ce ta hana ta juyowa, ni kuwa me ya hana ni. Ta ƙara da wata kalma da Hairat ta ƙi fassarawa, amma na ga fuskarta, na san ba yabo ba ne. Na ɗauki hulata na koma mota. Sati biyu ban shiga gidanta ba, kuma har yanzu ina ganin ta yi mini rashin kunya. Al'adar iyayenmu ba hauka ba ce. Sai dai maganar ta ƙi fita daga kaina, ina alwala tana nan, ina cin abinci tana nan.

Yanzu ga abin da na yi. Kin san tsakanina da baffanki Nassirou. Ran da uwarki ta rasu yana Damagaram, unguwa ɗaya ce tsakaninmu, bai zo jana'iza ba, bai zo zaman makoki ba, sai aike ya yi wai ƙafa ke damunsa, ƙafar da ta kai shi biki garin Mirriya a satin. Na rantse a gaban mutane cewa jinina ba zai ƙara shan ruwa a gidansa ba, kuma kin san ban taɓa rantsuwa na janye ba. To na kira shi. Na yi masa sallama domin sallama ta Allah ce, ba tasa ba. Ban tambayi ƙafarsa ba. Na ce yaran Gaidam za su zo. Ya ce a kawo su, gidan kakansu ne, ɗakin soro a share yake, kuma zai sa su lakwal tare da nasa jikokin. Ya fara wata magana yana cewa Yaya dama ina so, sai na miƙa wa Abdoul Aziz wayar. Ban yafe ba, kada a je a ce na yafe. Na tambayi liman hukuncin rantsuwar, ya ce in ciyar ko in yi azumi. Ciyarwa sai na roƙi ƙanenki, ni kuwa ba zan roƙi ɗana abin da zan fanshi bakina da shi ba, don haka azumi na ɗauka, yau ina cikinsa. Hairat ta ɗaga kai tana kallona saboda maganar likita, na ce ta mai da idonta kan takarda.

Saboda haka ba sauran hujja. Kada a jira tattasai, kada a jira hutun makaranta, kada a jira a ga abin da zai faru da garin gaba. Ran kasuwa mai zuwa, lokacin da masu tsallakawa suke da yawa, ki kai su bakin kogi da safe. Kada ki ɗaura musu kaya masu yawa da za a gane gudu ne, tufafi kaɗan da takardun haihuwarsu sun isa. Nassirou ya ce babban ɗansa zai jira su a Maine, garin da ke tsallaken kogi a Nijar, ya wuce da su. Ki ce wa Habibu ya riƙe hannun Hasiya a cikin kwalekwale, kada ya saki ko jandarma ne ke masa tambaya, Jidda kuma ta zauna tsakiya ba gefe ba, ruwa ya cika a wannan lokaci. Da so samu ne ke ma ki bi su. Na san ba za ki bar mijinki ba, halin uwarki gare ki, ba zan ɓata yawuna ba. Amma Souleymane, kai nake yi wa magana yanzu tunda na ce a karanta a gabanka. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da na ba ka ita. Mai shagon takalman nan ma mutumin kirki ne, kowa ya san shi. Idan Allah ya kawo lafiya, ka je da kanka ka ɗauko su, ka yi mini dariya, ka ce tsoho ya ruɗe a ƙasar Turawa, zan ɗauka. Ɗayar kuwa ba zan iya ɗauka ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi mini nauyi. Habibu ɗan farinki ne, na san ba kya kiran sunansa, yaron nan kike cewa, kamar yadda muka koya miki. Na san abin da za ki yi a bakin kogi. Za ki gyara wa Hasiya ɗankwali, ki ja wa Jidda kunne, shi kuwa ki kau da kai ki kama magana da wata mata kamar ba ki san da tsayuwarsa ba, don kada a ce kin yi rashin ta ido. Kada ki yi haka. Ke ba wanda ya ɗora miki bindiga. Ki dube shi, ki kira sunansa yadda zai ji, ki gaya masa ba korarsa kike yi ba. Idan kwalekwale ya tashi kada ki juya, ki tsaya yana ganin fuskarki har su sauka a wancan gefen, masu magana su yi ta yi. Ina roƙon Allah ya sa rabuwar ta 'yan watanni ce. Amma uwar Gerda ma ce musu ta yi kafin hunturu ya wuce za ta zo. Ba mu san abin da yaro zai riƙe ba, ba na so jikana ya tsufa yana tuna ƙeya.

Na koma gidan tsohuwar jiya, ba don na huce ba, mota ce ta yi sanyi. Abin da ta fara tambaya shi ne ko yaran sun tsallaka. Na ce tukuna. Ta ce ta kunna musu kyandir irin na addininsu, kuma za ta yi ta tambaya duk zuwa har sai na ce mata e. Ki taimake ni in samu abin gaya mata, in kuma samu barci. Da zarar sun taka Maine a buga wa Abdoul Aziz, ko wane lokaci ne.

Ki gaishe mini da Souleymane, ya yi haƙuri da kaifin bakina. Ki gaishe da mahaifiyarsa da jiki. Ki ce wa amaryata Hasiya ina nan ina tara mata alewar Amurka, kada ta yarda da samarin Damagaram, duk maƙaryata ne. Ki ce wa uwargida Jidda ban sake ta ba. Abokin takarata Habibu kuma ki ce masa na bar masa matan nan biyu amana, idan ya kai su lafiya na sallama masa ɗaya. Abdoul Aziz yana gaishe ki, yaransa suna gaishe ki da Turancinsu. Hairat ta ce in sa gaisuwarta, na ce ai alƙalamin yana hannunta.

Ta tambaye ni yanzu ko a bar saman takardar yadda yake, uwar Habibu, ko ta rubuta sunan da kanta tunda ta san shi. Na ce a'a. Na gaya mata tun farko abin da ya fito daga bakina kaɗai za ta rubuta, ba zan sa ki yi abin da ni na kasa ba. Ga ta nan riƙe da alƙalami tana jira.

Sailuba. Ki fitar da yaran nan, Sailuba.

Allah ya tsare, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinki,
Tankari Baduku